Baffa Tsari da Jan Yatsa

Ba a gama karɓar gaisuwar mai gyaran fanka na layinmu ba, Allah ya jiƙansa, ƙaninsa ya faɗo shagona ya zauna a kujera ya ce in yi masa askin wasiyyi. Na ce ban san wannan askin ba. Ya ce shi ya sa har yau nake aski a lungu.

Wannan ƙanin shi muke kira Baffa Tsari, don ba ya buɗe baki sau biyu bai ce "tsari" ba. Ko ruwa kake sha a gabansa sai ya gaya maka ba bisa tsari ka riƙe kofin ba. Kafin marigayi ya cika, ya bar wasiyya a gaban mutane cewa ƙaninsa ne zai kula da abin da ya bari, ya mayar wa jama'a kayansu da suka kawo gyara, sannan ya miƙa saura ga malamin da zai raba wa magada. Ba wai ya yarda da hankalin Baffa ba ne, shi kaɗai ya rage masa a 'yan'uwa. Gidajensu katanga ɗaya ce ta raba su, shagona kuma yana kallon ƙofofin biyu, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a idona aka yi.

"Mai aski, ka san abin da ke lalata rabon gado?" in ji Baffa, ina shafa masa sabulu.

Na ce, "Rashin tsoron Allah."

"Rashin tsari! Mutum zai mutu da safe, kafin azahar cokulansa sun yi ƙafa. Ni kuwa ko allurar Yaya ba za ta ɓata ba. Zan sa wa komai alama, in kwashe in kai gidana in kulle, sai ranar rabo."

"Wace irin alama?"

Ya fito da hannunsa daga ƙarƙashin mayafin aski ya ɗaga babban yatsa har ya kusa tsone min ido. "Fenti kowa na iya saye, buroshi kowa na iya riƙewa. Amma wannan, Allah bai yi biyunsa ba. In tsoma shi a jan fenti in dangwala. Duk abin da ka ga yatsana a kai, na mamaci ne, magana ta ƙare."

Da ya sayo fentin sai ya ga gwangwanin ƙarami ne, dukiyar Yaya kuwa a idonsa ta kai ta mai kamfani. Ya shiga kicin ɗin matarsa ya ɗauko man girki ya bulbula a ciki don ya yi auki. Na ce masa, Baffa, fentin da aka sa wa man girki ba ya bushewa. Ya ce, "Kai gashi ka sani, ni tsari na sani. Kowa ya tsaya a layinsa."

Shagon marigayi ɗaki ne a bakin zaurensa, cike har rufi da fankoki da rediyoyi da duwatsun guga, rabinsu na mutane. Baffa ya naɗe hannun riga ya fara dangwale. Fankata tana nan, wadda na kai a canza mata kwayil. Na ce tawa ce. Ya ce, "Ta faɗa maka?" Ya dangwala mata a fiffike. Mai ƙanƙara na bakin titi ya zo da gudu yana haki, ya ce firizarsa an gama gyara, ɗauka kawai zai yi, ga zafi ya shigo, kasuwarsa ke nan. Baffa ya dube shi sama da ƙasa ya ce kowane mai son cin dukiyar marayu da gudu yake zuwa, ya dangwala wa firiza a murfi da gefe.

Da ya gama da shago hannu ya riga ya yi daɗi. Ya fito zaure ya tarar da takalman masu zuwa gaisuwa a jere a bakin ƙofa, ya duƙa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cewa ashe Yaya ya tara takalma haka bai taɓa ba shi ko ɗaya ba. Wani dattijo da ya jingina kekensa a jikin bango ya fito ya tarar da ja a sirdi. Akuyar maƙwabta ta leƙo tana neman ɓawon da za ta ci, ita ma ta samu a goshi.

Duk wannan abin dariya ne, har aka zo kan keken ɗinkin matar marigayi. Inna Tela muke ce mata. Keken nata ne tun kafin ta yi aure, babu wanda bai sani ba a layin, don babu gidan da ba ta ɗinka wa 'ya'yansa kaya a kansa ba. Bel ne ya tsinke, mijin ya fito da shi shago ya gyara, kuma shi ne aikin ƙarshe da ya yi kafin ciwo ya kwantar da shi. Ga shi ta karɓi ɗinkin kayan makaranta na wata makarantar bayan layi, an kawo mata yadi an jibge, shugabar makarantar ta ce in ba a gama ba kafin a koma hutu za ta kai wa wani telan. Da wannan ɗinkin Inna Tela za ta ci da marayunta, ba ta da wani abin.

Ta leƙo daga bakin ƙofar cikin gida, da yake tana takaba, ta ce, "Baffan yara, wannan kekena ne. A shigo min da shi."

"Matar Yaya, a ina yake?"

"Ga shi a gabanka."

"A shagon wa?"

"A shagon mijina, gyara ya yi min."

"To kin gani. Ke da bakinki." Ya tsoma yatsa, ya dangwala a wuyan keken. "Ba hana ki na yi ba. Ranar rabo in ya faɗo a kasonki, ki gode wa Allah. In ya faɗo na wani, ki yi haƙuri."

Ta ce, "Yadin mutane fa? Da haƙori zan ɗinka?"

Ya ce wannan ba ya cikin tsari. Ta daɗe tana kallon keken, sannan ta saki labule. Wallahi a lokacin dariyar ta fita daga raina, na ji kamar in aske masa gira.

Washegari sai ga babbar motar ɗaukar kaya ta cika layi. Direba ya sauko ya tambayi inda za a kai kayan. Baffa ya nuna ƙofar da ke manne da ta marigayi.

Direba ya ce, "Nan ɗin? Ranka ya daɗe, ai ko miƙo su aka yi ta kan katanga sun isa."

"Dukiyar mamaci ce, ba kayan miya ba. Ba a ɗaukarta a ka."

'Yan dako suka loda komai, har da takalma a buhu, da keken dattijo, da akuya a can sama tana ihu. Da aka gama sai direba ya ce ƙofar Baffa tana bayan motar, gaba kawai motarsa take yi, giyar baya ta mutu tun bara. Baffa ya ce hakan ma ya fi tsari, a zaga unguwa a dawo ta ɗaya bakin layin, jama'a su ga yadda ake riƙe amana. Ya hau saman kaya ya zauna a kan firiza, ya rungume gwangwanin fenti, yana ɗaga wa mutane jan yatsa. Mai akuya ta bi motar a guje tana tsine-tsine, mai ƙanƙara na biye da ita, dattijo mai keke na biye da su ba takalmi. A kwanar masu kayan gwari wayar lantarki ta cire wa Baffa hula, ya kai hannu zai cafe, ya dangwala wa kansa a kunne.

Da aka iso, firiza ta ƙi shiga ƙofar falo. Baffa ya ce ƙofa ce ba ta da tsari, ya sa aka ɓalle ta da gefen bango. Matarsa ta fito daga kicin riƙe da ludayi ta tsaya tana kallon fankoki na hawa kan kujerunta.

"Maigida, mu kuma a ina za mu zauna?"

"Matar wasiyyi ba ta zama. Riƙe min wannan rediyon."

Aka cusa kaya har ba wurin sa ƙafa. Da yake ƙofa ta tafi, babu abin da za a kulle, sai Baffa ya shimfiɗa tabarma a bakin ramin da ya fasa ya ce shi ne kwaɗon. Akuya ta ci igiyarta, ta ci gefen tabarmar, ta koma gidansu da kanta. Baffa ya ce a shaida, wannan sata ce, kuma ɓarauniyar tana ɗauke da hatimi.

Kwanakin da suka biyo baya layinmu bai ga daɗi ba. Ni ina aski ina yi wa mutane fifita da kwali, gashi na manne musu a wuya. Mai ƙanƙara ya koma sayar da ruwa mai ɗumi. Baffa kuwa ya ƙi wanke yatsa, ya ce ba a wanke hatimi sai an rufe aiki, kullum da safe ma sai ya sake tsoma shi don kada ya dusashe. Mutane suka daina ba shi hannu, in ya taho sai ka ga kowa ya tuna yana da abin ɗauka. Shi kuma ya ɗauka girma ne.

Inna Tela ta koma ɗinkin hannu. In na leƙa kai mata gaisuwa sai in hango ta ta labule a tsakiyar farin yadi, allura a hannu, yatsunta duk sun huje, abin da ta gama bai kai a nuna wa mutum ba. Shugabar makaranta ta aiko, ta sake aikowa. Na je na roƙi Baffa, na ce ko aron keken ya ba ta. Ya ce wasiyyi ba ya ba da aron dukiyar marayu. Na ce ai marayun za a ciyar da shi. Ya ce in kawo wannan maganar a rubuce. Sai muka haɗu da mai ƙanƙara muka je muka roƙi malamin rabo ya matso da ranar, ya kuwa yarda.

Ranar rabo tsakar gidan Baffa ya cika har waje. Masu takalma sun zo, mai akuya ta zo, dattijo mai keke ya zo da sanda. Inna Tela ba ta fito ba, amma mun san tana tsaye a bayan katanga, don muna hango saman mayafinta. Baffa ya sha babbar riga, ya jingina babur ɗinsa a inuwa ya goge shi da hula kamar yadda ya saba. Wannan babur ko matarsa ba ta isa ta rataya masa tsumma ba.

Malam dattijo ne mai sanyin magana. Ya yi addu'a ga mamaci, sannan ya ce, "Wasiyyi, kafin a raba gado akwai abin da ke gabansa. An sallami masu haƙƙi? An mayar wa mutane amanarsu da ke hannun marigayi?"

Baffa ya miƙe ya gyara riga. "Allah gafarta Malam, na sauƙaƙa maka aiki. Babu amanar kowa. Akwai mai yatsa, akwai marar yatsa. Duk abin da ke ɗauke da jan yatsana na Yaya ne."

Wuri ya kaure. Mai ƙanƙara na ihu, masu takalma na ɗaga ƙafa. Malam ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Ko mai abin ya zo da shaidu?"

"Ko da garin nan duka ya zo."

"Ba ka ware komai ba?"

"Ko na wane ne, Malam. Ko uwata ce ta dawo duniya da yatsan nan a jikinta, sai an raba ta. Jama'a ku shaida!"

Muka ce mun shaida. Malam ya ce to, a fito da duk abin da ke da yatsa a tara a tsakar gida. Muka shiga fito da kaya, fankoki, rediyoyi, firiza, keken ɗinki. Baffa na tsaye yana ba da umarni, har matarsa ta fito daga ɗaki rungume da talabijin.

"Ke! Wannan tamu ce!"

Ta juya masa ita. Ga jan yatsa ɓaro-ɓaro a kan maɓallin kunnawa. Ta dire ta kusa da firiza ta koma. Ta fito da agogon bango, ta fito da butarsa, ta fito da madubi da akwatin tufafinsa, ta ce mu taimaka mata da katifa. Kowanne da hatimi, wani ma biyu. Matar da aka hana zama a falonta, aka ƙarar mata da man girki, ranar ba ta gaji ba ko kaɗan.

Baffa ya ce, "Malam, wannan kuskuren hannu ne."

Malam ya ce, "Yatsanka ne ko na wani?"

"Nawa ne, amma..."

"Ka ce Allah bai yi biyunsa ba," in ji ni daga baya. Ya harare ni.

Sai mai ƙanƙara ya taka a hankali zuwa inuwa, ya zagaya babur, ya duƙa, ya miƙe yana murmushi. "Allah gafarta Malam, a zo a gani. Tanki, kambu, madubi, har fitila."

Baffa ya yi tsalle ya rungume babur. "Wannan da gumina na saya! Kowa ya sani a layin nan!"

Mai akuya ta ce, "Mu yatsa muka sani."

Malam ya ce babur ba ya yankuwa, sai dai a sayar a raba wa magada. Mai ƙanƙara ya ce shi yana so, dama yana neman abin kai ƙanƙara kasuwa. Ya ɗaga ƙafa zai hau ya gwada. Baffa ya riƙe masa riga, ya bar masa hatimi a kafaɗa. Mai ƙanƙara ya ce shi ke nan, shi ma ya zama na mamaci, a gaya wa iyalinsa.

Dattijo mai keke ya nuna ƙofar gida da sandarsa. Jan yatsa ne tun daga sakata har bango, duk inda Baffa ke dafawa in zai cire takalmi. Malam ya gyara tabarau ya ce, "Ashe gidan ma na marigayi ne. Allah sarki, mutum mai rufin asiri."

Matar Baffa ta zo ta durƙusa a gaban malam ta nuna gefen ɗankwalinta. "Malam, ga nawa. A saka ni a rabon, ko wa na faɗo wa na yarda, in dai ba shi da tsari."

Mutane suka zube da dariya. Gumi ya karyo wa Baffa, ya sa hannu ya share fuska, ya ja jan layi tun daga goshi har kan hanci, ya dire a leɓe. Malam ya dube shi ya kau da kai yana tari.

A nan muryar Inna Tela ta taso daga bayan katanga, ba ta ko ɗaga ta ba. "Allah gafarta Malam, na ji an ce wasiyyin ma ya shiga cikin kaya?"

Malam ya ce, "Bisa tsarinsa, ya shiga."

"To in an zo fitar min da tumunina na gado, bakinsa nake so. Sai a haɗo min da kekena in ɗinke shi."

Ban taɓa jin layinmu ya yi dariya irin ta ranar ba, har masu wucewa a titi suka shigo tambayar ko lafiya. Baffa ya tsaya tsuru-tsuru, hannu ɗaya a kan babur, ɗayan a sama ya rasa inda zai ajiye shi. Can ya ce da ƙaramar murya, "Malam, a soke yatsa."

"Duka, ko na babur kaɗai?"

Ya dubi babur, ya dubi katanga. "Duka."

Malam ya ce to yanzu a yi abin da marigayi ya ce tun farko, kowa ya nuna nasa, maƙwabta su shaida, wasiyyi ya miƙa masa da hannunsa. Jama'a suka ce a'a, da hannun hagu dai. Aka fara da keken ɗinki. Baffa ya tambaya ko a kira mota, malam ya ce a ka zai ɗauka. Haka ya fita ta ƙofarsa ya shiga ta Yayansa da keke a ka, babbar riga na jan ƙasa, yana gaya wa duk wanda ya kalle shi cewa dama haka ya tsara, gwada mutane yake yi.

Ba a jima ba muka ji keken ya tashi. Rabon da a ji wannan ƙarar a gidan tun maigidan na da rai. Ya tafi sumul, ba gargada, bel ɗin da marigayi ya sa masa da hannunsa bai ko yi ƙara ba. Masu dariya suka sunkuyar da kai. Ni kaina sai da na share ido, don na san da kuka take taka shi.

Sai keken ya tsaya. Wani ɗan abu ya tsallako katanga ya faɗo a gaban Baffa, wanda ya dawo yana goge babur da gwiwar hannu. Ya ɗauka ya juya. 'Yar jaka ce ta ƙyalle, daidai babban yatsa, har da igiyar ɗaurewa.

"Baffan yara," in ji Inna Tela, "saka wannan. Ɗinkin nan farin yadi ne, kuma kai za ka kai min shi makaranta a babur ɗinka in na gama."

Ya buɗe baki zai yi magana, matarsa ta karɓi jakar ta zura masa ta ɗaure tamau. Keken ya sake tashi, bai tsaya ba sai da aka gama kayan makarantar kafin a koma hutu. Baffa ne ya kai su, yatsa a cikin jaka, ko ɗigon ja babu a jikinsu. Da ya dawo ya tsaya a ƙofar shagona ya ce in gaya wa mutane, ba don ya adana keken nan da kyau ba, da yanzu marayu ba su da abin ci.